Abin da Na Bari a Littafin Tasi'u

Ku da kuka cika min waya da tambayar abin da ya sa na yi shiru kwana goma sha biyu, sannunku da ƙoƙari. Ban mutu ba, ba a kuma yi min aure a ɓoye ba, kamar yadda wata baiwar Allah daga Sabon Tasha ta sanar a guruf. Wani abu na aikata da hannuna. Yau zan gaya muku, ku yanke min hukuncin da kuka ga dama.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bara'atu. Shekarata talatin da ɗaya, a Barnawa nake zaune da mahaifiyata, a gidan da Baba ya rasu ya bar mana. Na rubuta littattafai huɗu. An buga uku, ɗaya kuwa na tura shi ƙarƙashin katifa saboda ina tausayin jama'a. Amma sana'ar da nake ci da ita gyaran littattafan mutane ce. Marubuci ya kawo min shafi ɗari uku, in mayar masa da ɗari da tamanin, ya yi sati biyu ba ya amsa gaisuwata, in littafin ya fito aka yaba sai ya rubuta a shafin godiya cewa na ba shi 'yan shawarwari. Shekara bakwai ke nan ina wannan aikin. Tsohon garejin Baba ne ofishina: tebur, kwamfuta, fanka mai kukan tsiya, da gwangwanin madara cike da jan biro.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, rabin gyaran Umma ce take yi. Kullum bayan La'asar takan shimfiɗa tabarma a baranda, ta ɗora farantin wake ko shinkafa a cinya tana tsinta, ni kuma in jawo kujera 'yar tsugunno in karanta mata. Tun a littafina na farko na lura da wani abu. In labari ya kama ta, hannunta tsayawa yake cak a kan farantin. In ya gundure ta ba za ta taɓa faɗa ba, don Umma ba ta cin fuskar mutum ko da a takarda yake. Miƙewa kawai za ta yi ta ce, "Bari in duba tukunya." Sau da yawa babu komai a kan wuta. Duk inda ta tashi, nan nake jan layi. Ita ma ta san da haka, ba ma dai maganar ne. Dokata ɗaya ce, ba na gaya mata sunan marubuci, domin in ta san uwar mutum to ba za ta iya tashi ba.

To sai Tasi'u. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Nasarawa, ɗan Makera, dogo, siriri, mai hula ɗaya da yake wa wanki duk Alhamis. A wajen ƙaddamar da littafina na uku muka haɗu. Ya sayi guda ɗaya ya tafi. Bayan sati ya nemo lambata ya rubuto min: "Salamu alaikum. A babi na shida jarumarki ta fita da jan mayafi, ta dawo da baƙi." Na duba, haka ne. Shekara da shekaru ina kama mutane, ba wanda ya taɓa kama ni. Ina jin kunyar faɗa, amma a nan na fara son shi.

Ba mai yawan surutu ba ne. Ƙarfe ɗaya na rana saƙonsa yake shigowa: "Kin ci abinci?" In na ce a'a, ya ce, "Ki ci." Shi ke nan soyayyar ranar, kuma ni ta ishe ni.

Umma kuwa kamar ta goya shi. Kafin shi maza uku sun zo sun tafi, Gwaggo Asabe ta Unguwar Sanusi, ƙanwar Baba, ta ce bakina ne ya kore su, wai ba a gaya wa namiji gaskiya kafin ya kawo lefe. Ƙanwata da na girme wa da shekara biyar 'ya'yanta biyu, kuma duk taron suna sai an tuna min. Sai ga Tasi'u, mai durƙusawa har ƙasa in zai gaishe da Umma, wanda ya gyara mana ƙyauren get ba tare da an sa shi ba. Aka tsayar da Asabar ɗin ƙarshen wata, ƙannen mahaifinsa za su zo neman aure. Umma ta sa aka sake wa falo fenti, ta sauya labule, ta fara kirana "'yar albarka" ko da ban yi komai ba.

Saura sati uku ya zo da yamma da kwalin taliya a rungume. Na ɗauka tsaraba ce. Ya ajiye a kan teburina, ya buɗe, takardu ne fal.

"Littafi na rubuta," ya ce, yana kallon fanka.

"Kai?"

"Ni. Shafi ɗari huɗu da goma sha shida."

Na ce masha Allah. Me kuke so in ce?

"Ga abin da na yi tunani," ya ce. "Kowa a bikinsa kalanda yake rabawa, da robobi, da jakunkuna. Mu sai mu raba littafi. Sunana a sama, naki a ƙasa, a matsayin wadda ta gyara. Har na yi wa Ifeoma magana."

Ifeoma ce mai wurin ɗab'i a Kakuri, ita take buga duk littattafaina. Ku ga yadda idon bawan Allahn nan yake ƙyalli. Ban taɓa jin ya jera jimla biyar a zama ɗaya ba sai ranar.

Har ya kai ƙofa ya juyo. "Af, akwai wani wuri, daga shafi na ɗari biyu da goma zuwa ɗari biyu da hamsin. Ki cire shi kawai, kada ma ki ɓata lokacinki. Ban san abin da ya sa na saka shi ba."

Washegari bayan La'asar na fara karanta wa Umma, ban ce mata na wane ne ba. Labarin wani Injiniya Fu'ad ne, mai kamfani a Dubai, da wata Nuraiza da ba ta da aikin yi sai saukowa daga bene. A babi na farko an ɗauki shafi tara ana bayanin agogon hannunsa. A na biyu suka shiga jirgi, a na uku ba su sauka ba. Tasi'un da na sani iyakarsa Abuja, a motar haya, sau biyu, duka don jarrabawar neman aiki.

Ranar farko Umma ta duba tukunya sau bakwai. Ranar Laraba ta duba sau goma sha ɗaya, alhali gas ɗinmu ya ƙare tun safe, burodi da shayi muka sayo muka ci. Ni kuma ina ta jan layi. Na yi wa marubuta da yawa wannan aika-aikar ina shan zoɓona hankali kwance, amma wannan karon biron nauyi ya riƙa yi min.

A kwana na takwas muka iso shafi na ɗari biyu da goma. Ya ce in cire, amma ni ba na cire abin da ban karanta ba. Ranar da gaske akwai wake a kan wuta.

Ba Fu'ad, ba Nuraiza, ba bene. Kwatsam sai ga wani ɗa a Makera yana ba da labarin ubansa, ma'aikacin masaƙa a Kakuri, shekara ashirin da biyu a kan inji ɗaya. Ranar da aka rufe masaƙar bai gaya wa matarsa ba. Da safe ya goge kakinsa da dutsen guga na gawayi kamar kullum, ya karɓi kwanon abincinsa, ya hau kekensa ya tafi. Ya je ya zauna a gindin katangar kamfanin. Ƙarfe goma sha biyu daidai, lokacin da jiniya ta saba kaɗawa, ya buɗe kwano ya ci. Lokacin tashi ya yi, ya kaɗe rigarsa ya koma gida ya ce wa matarsa aiki da gajiya. Wata uku yana haka. Ɗan ya sani, don wata rana ya bi bayansa ya laɓe ya gani, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Na ɗago na ga hannun Umma a tsaye a kan faranti, ƙwayar shinkafa ɗaya tsakanin yatsunta. Daga bayan katanga maƙwabciyarmu Maman Chinonso ta ɗaga murya: "Hajiya, abu yana ƙonewa a gidanku fa!"

"Ƙyale shi," Umma ta ce min. "Ci gaba."

Na karanta shafi arba'in da ɗaya ba ta motsa ba. Da na gama ta share ido da bakin zani ta ce, "Babanki ma da aka yi masa ritaya sai da ya yi kwana huɗu yana ɗaukar jakarsa." Ban taɓa sanin wannan ba. Tukunyar kuwa sai da muka jiƙa ta kwana biyu.

Washegari muka koma Dubai. Nuraiza ta sake saukowa daga bene, wannan karon da doguwar riga mai duwatsu dubu uku. Umma ta tashi sau biyu, a na uku ta tsaya da faranti a hannu.

"Wai ina mutumin jiya?"

"Ya ƙare, Umma. Ba zai sake fitowa ba."

"Shi ne aka dawo da mu wajen waɗannan marasa aikin yin? Kai, wannan marubucin, Allah ya ba matarsa haƙuri."

Shekara bakwai ban karya dokata ba. Ranar bakina ya riga ni.

"Umma, Tasi'u ne."

Ta koma ta zauna a hankali. Ta gyara ɗankwali. Ta kalli kwalin, ta kalle ni.

"Ai littafin da daɗi," ta ce. "Tukunya ce ta yi ta raba min hankali."

"Ranar Laraba ba mu da gas."

"To ciwon ƙafa ne. Likita ya ce in riƙa tattakawa."

Kafin Magariba ta kira Gwaggo Asabe. Da hantsi sai ga ta a Keke Napep, da mayafinta mai ruwan ƙwai da ƙamshin turaren wuta, ko ruwa ba ta sha ba ta shigo gareji ta zauna a kan kwalin littattafaina.

"Ke Bara'atu, me na ji?"

"Ban san me kika ji ba, Gwaggo."

"Ki ce masa ya yi kyau. Magana ɗaya ce, ba a biyan kuɗin faɗarta. In an ɗaura aure ki yanka shi gunduwa-gunduwa, lokacin ya shigo hannu."

"A bikin za a raba."

"To wa yake karanta abin da aka raba a biki? Ni kalandar bikin ƙanwarki da ita nake kare tagar kicin."

"Marubutan da na yanke wa littattafai za su zo, Gwaggo. Kuma don su karanta za su zo."

"Marubutan ne za su aure ki?"

Umma tana tsaye a bakin ƙofa har Gwaggo ta gaji. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "'Yar nan, ba na son in mutu in bar ki a garejin nan ke da fanka." Wannan ta fi duk ihun Gwaggo shiga jikina.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na gwada. Na buɗe waya na rubuta wa Tasi'u: "Na gama. Littafin ya yi kyau, masha Allah." Na zauna ina kallon kalmomin. Na goge. Na sake rubutawa, har da alamar fure. Ana cikin haka Ifeoma ta kira.

"Madam Edita, ya aiki? Oga naki ya ce in ajiye masa takarda ta shafi ɗari huɗu da wani abu. Na ce a'a, bari in ji daga bakinki. Tun yaushe kika fara barin ɗari huɗu ya wuce ta hannunki? Ko soyayya ta cinye jan biro ne?"

Na ce ta dakata tukuna. Da na ajiye wayar na gane ba sunana kaɗai nake tsoron ɓatawa ba, ko da yake shi ma ina tsoro, don shi kaɗai na tara a duniya. In na ce ya yi kyau, za a buga Fu'ad da agogonsa, dattijon nan na gindin katanga kuwa a jefa shi kwandon shara, kuma da hannuna. Sannan in zauna da mutum a ɗaki ɗaya, kullum ya kalli littafin a kan kanta yana murmushi, ni ma in taya shi. Na san halina. Ba zan kai wata shida ba.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu ƙannen mahaifinsa su zo, na ce wa Tasi'u ya zo bayan La'asar. Umma ta yi dambun shinkafa da zogale, ta haɗa zoɓo mai abarba, ta sa na cire doguwar rigata ta zaman gida na saka atamfa shuɗiya da mayafi ruwan toka. Tana ɗaura min ɗankwali tana cewa, "Ki tuna ni na haife ki." Sannan ta koma falo ta tsaya a bayan sabon labule, ƙafafunta a waje.

Ya zo da farar shadda, hular nan tasa ta sha wanki. Muka zauna a kujerun roba a baranda. Na fito da ɗauri biyu na ajiye a kan tebur kusa da dambun, babba na ɗaure shi da igiya, ƙarami a cikin koren fayil.

"Wanne ne littafin?" ya ce.

"Ƙaramin."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ya buɗe fayil ɗin, ya karanta layin farko, dariyar ta ɗauke.

"Ai wannan ne na ce ki cire."

"Na ji ka."

"Sauran fa?"

"Ba ka taɓa zuwa Dubai ba, Tasi'u, kuma kowane shafi sai da ya tona maka asiri. Ƙofar masaƙa kuwa ka je."

Ya rufe fayil ɗin. Labule ya motsa.

"Kin san wane ne wannan?"

"Na yi zato."

"Mahaifina ne. Yana nan da ransa. Har gobe bai san na bi shi ba. So kike in raba wa mutanen Makera wannan ranar bikina, yana zaune a tsakiyarsu da babbar riga?"

"Ban ce a raba a biki ba. A raba robobi kamar kowa. Wannan ba a ma gama shi ba. Littafi ne ka fara, ka tsorata, ka gudu Dubai."

"In na ce a buga babban haka nan fa?"

"Ifeoma za ta buga maka. Amma ba da sunana ba."

"Ko da ni ne?"

"Don kai ne ma."

Ya daɗe yana kallon igiyar da na ɗaure babban da ita. Ina so in kama hannun rigarsa in ce wasa nake, wallahi ina so. Na danne hannuwana a ƙarƙashin mayafi. Ya tattara ɗaurin biyu ya rungume, ya je bakin ƙofar falo ya durƙusa har ƙasa ya ce wa labule, "Umma, na tafi, sai an jima." Labule ya ce, "Ka gaida gida, ɗan albarka." Dambun ko cokali ɗaya bai taɓa ba.

Ranar Juma'a ƙarfe ɗaya ta yi, ta wuce, waya shiru. Ranar Asabar Umma ta tashi tun asuba ta dafa abincin baƙi kamar ba abin da ya faru: shinkafa, miyar kaji, funkaso. Kawunnaina biyu suka zo suka zauna a falo mai sabon fenti. Wajen sha ɗaya wani ƙanen mahaifinsa ya bugo wa babban kawuna waya ya ce a yi haƙuri, an ɗan ɗaga, za a ji daga gare su. Kawunnaina suka ci kajin suka yi addu'a suka tafi. Gwaggo Asabe ta kalle ni ta ce, "Na huɗu," ta yafa mayafinta.

Umma ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Daina shimfiɗa tabarma ta yi, ta koma tsintar shinkafarta a kicin, ƙofa a rufe. Ni kuma na shige gareji na buɗe littafin wata marubuciya daga Tudun Wada, na yi kwana uku a shafi ɗaya. Na yi kuka, ba kaɗan ba. Ku da kuke cewa ba ni da zuciya saboda na kashe jarumin littafina na biyu, ga shi kun ji.

Jiya Talata da hantsi aka yi sallama a get. Na leƙa na ga wani dattijo, gajere, da farin gemu da tsohuwar jamfa mai tsabta, leda a hannunsa. Umma ta fito, tana ganinsa ta ja da baya ta rufe rabin fuska da mayafi. Malam Ilu ne, mahaifin Tasi'u. Kun dai san uban ango ba ya tako ƙafa gidan da ake nema wa ɗansa aure, aikin ƙannensa ne. Umma ta rasa inda za ta sa kanta, ta kawo kujera, ta mayar, ta kawo tabarma, ta kawo ruwa sau biyu.

Bayan an gaisa ya dube ni. "Ke ce mai jan biron?"

Na durƙusa. "Ni ce, Baba."

Ya zaro koren fayil ɗin daga leda. Na ce a raina yau za a yi min wankin babban bargo a gaban uwata.

"Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci ya zaunar da ni ya karanta min," ya ce. "An ce ke kike gyara. To akwai kurakurai, na kawo."

"To, Baba."

"Ya ce wata uku. Wata goma sha ɗaya ne. Ki gyara."

Na ce to. Ya ce in ɗauko biro, ba ya son a manta. Na ɗauko.

"Ya ce uwarsa ba ta sani ba. Tun satin farko ta sani. Matan ma'aikata duk a famfo ɗaya suke ɗibar ruwa, yaya za a yi ba ta sani ba? Shiru ta yi, ta ci gaba da zuba min abinci a kwano. Na san ta sani. Ba mu taɓa maganar ba har ta koma ga Allah."

Na rubuta.

"Sannan ba ni kaɗai nake zama ba. Akwai Albert, injinmu ɗaya da shi, daga Sabon Tasha yake takowa a ƙafa. Shi yake zuwa da dara muna yi. Yaron nan ya bar shi a waje, ban ga dalili ba. A saka shi. Ya rasu, amma 'ya'yansa suna nan, za su so su gani."

"Za a saka shi, Baba."

"Na ƙarshe. Ya ce ya laɓe ban gan shi ba. Na gan shi. A bayan motar itace ya tsaya, da rigar makaranta. Shi ya sa ranar na ci abincin a tsaye, ina kallon get, don ya ɗauka jira nake a buɗe."

Ya miƙo min fayil ɗin da hannu biyu. Umma ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Can ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, "Malam, to... maganar yaran fa?"

"Wannan ta ƙannena ce, Hajiya, ni gyara na kawo. Amma ya ce ba zai iya haɗa ido da 'yarki ba sai ya gama littafin yadda ta ce, ya kawo mata da hannunsa. Tun ranar Asabar yake ɗaki yana rubutu, abinci ma sai an yi da gaske."

"Alhamdu lillahi," Umma ta ce, fuskarta ta washe. "Ai abu ya zo da sauƙi. Shi na farkon wata nawa ya yi yana rubutawa?"

"Shekara tara, Hajiya."

Ya sha ruwansa, ya yi mana sallama, ya tari Keke Napep ya tafi.

Muka tsaya a baranda ni da Umma. Ta daɗe tana kallon get ɗin.

"Kin ji?"

"Na ji, Umma."

"Da za a dawo miki da ranar Alhamis, me za ki ce masa?"

Na so in faɗi abin da zai faranta mata. Na duba, ban samu ba.

"Abin da na faɗa."

"Na sani," ta ce. "Halin ubanki ne." Ta shige ciki.

Yau da safe na ɗauki waya. Wata goma sha huɗu muna tare, ban taɓa gaya masa abin da ke raina ba, shi ma bai taɓa ba, duk mun bar wa "kin ci abinci" aikin. Na rubuta masa: "Baba ya kawo gyara guda huɗu, duka ya fi ka gaskiya. Ina son ka, Tasi'u, kuma ba zan yi shekara tara ina jira ba. Babi na farko ranar Litinin." Ban goge ko harafi ɗaya ba, na tura.

Nan take ya nuna ya karanta. Alamar nan ta yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Yanzu da nake muku wannan bayanin wayar tana gabana a kan tebur, awa ta uku ke nan, har yanzu yana rubutu.